ALFRED HITCHCOCK, AKAWUN DA YA KOYA WA MASU SINIMA TALLA

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Ba wanda ya riƙi wannan magana da hannu biyu kamar masu sana'ar sinima, domin su kayansu ba a aunawa, ba a ɗagawa a duba a rana kamar turmin atamfa. Sai mutum ya biya kuɗinsa tukuna a bakin ƙofa, sa'an nan ya shiga ya ga abin da ya saya. In ya yi kyau, to, madalla, in bai yi ba kuwa ba mai mayar masa da ko anini. Watau dai cinikin biri a sama ne. Saboda haka tilas ne mai fim ya san yadda zai sa jama'a su amince da shi tun ba su ga kome ba.

Yau za mu ba da tarihin wani Bature mutumin Ingila wanda ya gwanance da wannan al'amari, ana ce da shi Alfred Hitchcock. Duniya ta san shi da shirya finafinan ban tsoro da na fargaba, amma mu abin da za mu fi dubawa shi ne yadda ya ke tallarsu, gama a nan ne ya bar darasin da ya shafi kowa, har wanda bai taɓa shiga gidan sinima ba.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ran 13 ga watan Agusta, 1899, a Leytonstone, gabas da birnin Landan. Ubansa William mai kanti ne, yana sayar da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Su uku ne wurin iyayensu, shi ne auta. Gidan kuwa na 'yan Katolika ne masu tsananta tarbiyya, don haka cikin 1910 aka sa shi makarantar St Ignatius, wadda limaman ɗariƙar Jesuit ke riƙe da ita, inda bulala ba ta da wuya.

Akwai wani labari da shi kansa ya riƙa bayarwa har ya tsufa. Wai yana da shekara wajen 5 ubansa ya aike shi ofishin 'yan sanda da wata 'yar takarda, ɗan sandan ya karanta, ya sa shi cikin ɗakin tsare masu laifi ya kulle na 'yan mintoci, don ya ga abin da a ke yi wa yara marasa ji. Ya ce tun daga ran nan tsoron 'yan sanda ya shige shi. Duk ɗan jaridar da ya zo wurinsa sai ya koma da wannan labari, mutane kuwa suka riƙa haɗa shi da finafinansa, waɗanda yawancinsu a kan wanda aka zarga ba da laifinsa ba ne. Ashe ko labarin ƙuruciyarsa ma ya zama masa kayan talla.

Ya bar makaranta cikin 1913, ya ɗan koyi aikin injiniya. A ƙarshen 1914 ya sami aikin akawu a kamfanin Henley, masu yin wayoyin lantarki da na tangarahu, albashinsa sule 15 a mako. Cikin watan Disamba na wannan shekara ubansa ya mutu. Aikin lissafin tsawon waya da kaurinta bai gamshe shi ba, sai ya riƙa zuwa ajin dare yana koyon zane. Da manyansa suka ga hannunsa, sai suka mayar da shi sashen talla, yana zana hotuna yana tsara kalmomin da za su sa a sayi wayar kamfanin. Jama'a, wayar lantarki ba abin sha'awa ba ce ga ido. Wanda ya iya sa mutum ya tsaya ya dubi tallarta, to, ya iya talla. Cikin 1919 kuma kamfanin ya fara buga 'yar mujallar ma'aikata, shi ma yana rubuta gajerun labarai a ciki, waɗanda sai a ƙarshe mai karatu zai ga an juya masa zance.

Shigarsa sana'ar sinima

A zamanin nan fim ba ya magana. In ɗan wasa ya buɗe baki sai a nuna wani allo da rubutun abin da ya faɗa. Da Hitchcock ya ji wani kamfanin Amurka mai suna Famous Players-Lasky zai buɗe ma'aikata a unguwar Islington ta Landan, bai tsaya rubuta takardar neman aiki kawai ba. Sai ya bincika ya san littafin da su ke niyyar mayarwa fim, ya zauna ya zana allunan rubutunsa, ya ɗauka ya kai musu. Gani ya kori ji. Suka ɗauke shi cikin 1920.

Daga zanen allo ya shiga rubuta labari, da tsara ɗakunan wasa, da taimakon mai ba da umurni. Cikin 1924 aka aike shi Barlin ta ƙasar Jamus, ya ga yadda gwanayen can ke ba da labari da hoto zalla, ba sai an cika rubutu ba. Cikin 1925 ya shirya fim ɗinsa na farko a Munik. Ran 2 ga Disamba, 1926, ya auri Alma Reville, wadda ta riga shi shiga sana'ar, gwana ce wajen yanka fim da haɗa shi. Kwana ɗaya tak ya ba ta a haihuwa. Har ƙarshen ransa ba ya sakin fim sai ya ji ra'ayinta.

Fim ɗin da ya fara fito da sunansa shi ne The Lodger, wanda aka nuna cikin 1927. A cikinsa ne ya fara wata al'ada, watau ya ɗan gilma cikin fim ɗinsa na ƙiftawar ido, ko yana cikin taro, ko yana wucewa a titi. Ya yi haka cikin finafinai kusan 40, har 'yan kallo suka mai da neman inda zai ɓullo wani wasa na dabam. Cikin 1929 ya yi Blackmail, wanda a ke lissafawa cikin finafinan Ingila na farko masu magana. Cikin 1930 kuwa ya kafa wani ɗan kamfani, Hitchcock Baker Productions, ba shi da wani aiki sai sa jaridu su riƙa ambaton Hitchcock. A lokacin nan sunan 'yan wasa ne ke jawo jama'a, mai ba da umurni ba wanda ya damu da shi. Shi kuwa ya lura ɗan wasa yau yana wurinka gobe yana wurin wani, amma sunanka naka ne har abada.

Abin da a ke kira tirela

Kafin mu bi shi Amurka ya kamata mu bayyana wani abu. Masu sinima suna da wata irin talla da su ke kira tirela, watau ɗan guntun fim na minti biyu ko uku da a ke nunawa don a ɗanɗana wa jama'a wanda ke tafe. Sunanta ɗaya da babbar motar nan da kai ke ja, don da farko a bayan fim a ke nuna ta, tana biye. Da aka ga mutane na tashi da zarar fim ya ƙare, sai aka dawo da ita gaba, amma sunan ya zauna. An fara ta a New York cikin 1913, sa'ad da wani mai suna Nils Granlund ya shirya ɗan guntun fim don tallar wani wasan dandali, aka nuna a gidajen sinima na Marcus Loew.

Wajen 1920 aka kafa kamfanin National Screen Service, wanda ya riƙe yawancin wannan aiki a Amurka shekara wajen 40. Da ya ke hannu ɗaya ke yi, sai tirela ta zama kusan iri ɗaya. A tsinto wurare mafi daɗi na fim, a jera, a watsa manyan baƙaƙe a kansu, a sami mai babbar murya yana rantsuwa ba a taɓa yin irinsa ba. Mako mai zuwa kuma a faɗi haka a kan wani. Kowa ya san abin da ke samun maganar da aka cika maimaitawa, kunne ya kan saba da ita har ya daina ji.

Zamansa a Amurka

Cikin 1939 Hitchcock ya ƙaura Amurka da iyalinsa, bisa yarjejeniyar shekara 7 da wani babban mai shirya finafinai, David O. Selznick. Fim ɗinsa na farko a can, Rebecca, na 1940, ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau. Cikin 1944 ya yi Lifeboat, wanda duk labarinsa cikin wani ƙaramin jirgin ruwa ne a tsakiyar teku. To, ina zai gilma? Sai ya sa hotonsa biyu cikin wata jarida da ɗaya daga cikin 'yan wasan ke karantawa, ɗaya yana da ƙiba, ɗaya ya rame, a matsayin tallar wani maganin rage ƙiba wanda babu shi a duniya. Ya ce bayan haka wasiƙu suka yi ta zuwa ana tambayarsa inda a ke sayar da maganin.

A tirelar fim ɗinsa Rope, na 1948, ya nuna wani saurayi da budurwarsa suna hira a lambun shaƙatawa, wurin da ba ya cikin fim ɗin ko kaɗan, sa'an nan babban ɗan wasan, James Stewart, ya fuskanci 'yan kallo ya gaya musu wannan ne ganin ƙarshe da za su yi wa saurayin da rai. Ba a ɗebi kome daga cikin tukunya ba, ƙanshi kawai aka bari ya fita.

Cikin 1955 ya zama ɗan ƙasar Amurka, kuma cikin watan Oktoba na shekarar ya fara wani shiri a talabijin mai ɗauke da sunansa, wanda ya yi shekara 10 ana yi. Kowane mako sai a nuna zanen gefen fuskarsa, wanda shi ya zana da 'yan layuka 9, sa'an nan ya fito da baƙar kwat, fuska ba dariya, ya gai da jama'a, ya yi ba'a a kan kisan kai, har ya zolayi kamfanonin da ke biyan kuɗin shirin. Wani marubuci, James Allardice, shi ke rubuta masa waɗannan jawabai. Kafin a ankara fuskarsa ta zama sananniya kamar ta kowane babban ɗan wasa. Cikin 1959, a tirelar North by Northwest, ya fito a matsayin mai shirya wa mutane tafiyar hutu, yana yaba wuraren da a cikin fim ɗin a ke neman ran mutum.

Shekarar 1960

A nan ne ya kamata mu dakata, domin a nan gwanintarsa ta cika. Cikin 1959 wani marubuci, Robert Bloch, ya buga littafi mai suna Psycho, labarin wani masaukin matafiya na bakin hanya da saurayin da ke tsaronsa. Hitchcock ya sayi izinin mai da shi fim a kan kuɗin da bai kai dala 10,000 ba. Manyan kamfanin Paramount suka ƙyamaci labarin, suka ƙi zuba kuɗinsu. Sai ya ce zai ɗauki nauyin da kansa. Ya yafe ladansa na dala 250,000, a maimakonsa ya karɓi kashi 60 cikin 100 na mallakar fim ɗin. Ya kwashi ma'aikatansa na talabijin, ya ɗauka da hoto baƙi da fari don sauƙin kuɗi, aka gama a kan dala 800,000 da 'yan kai. Watau in jama'a ba su zo ba, aljihunsa ne zai ji, ga shi kuwa ya ba shekara 60 baya.

Matsalarsa ita ce ƙarfin fim ɗin duk a kan mamaki ya ke. Babbar 'yar wasan, Janet Leigh, wadda sunanta ke jikin kowace takardar talla, ana kashe ta tun fim bai kai rabi ba. A ƙarshe kuma akwai wani sirri, wanda mu ma ba za mu tona shi a nan ba. A wancan zamani kuwa al'adar Amurka ita ce a yi ta maimaita fim tun rana har dare, mutum ya shiga sa'ad da ya ga dama, ya kalla daga tsakiya, ya zauna har a zagayo inda ya tarar, ya tashi. Wanda ya shigo a makare zai yi ta neman Janet Leigh bai gan ta ba, ya ce an cuce shi.

Ga dabarun da ya yi. Da fari ya hana manyan 'yan wasan biyu, ita da Anthony Perkins, zagayen hira da 'yan jarida da aka saba. Na biyu, bai nuna wa masu sharhin jaridu fim ɗin a keɓe ba, ya bar su su shiga tare da kowa. Na uku, ya shirya tirela mai tsawon minti 6 da rabi wadda ba ta da hoto ko ɗaya daga cikin fim ɗin. Shi ne kaɗai, ana kiɗa mai daɗi kamar na wasan dariya, yana zagayawa da 'yan kallo cikin masaukin da tsohon gidan da ke bisa tudu bayansa, kamar dillalin gidaje. Ya nuna matakala ya fara faɗin abin da ya auku a kanta, sai ya katse, wai abin ya yi muni da yawa. Ya buɗe wani wuri ya leƙa, ya yamutsa fuska, ya rufe. Daga ƙarshe ya shiga makewayi, ya yaba yadda aka wanke shi tas, ya kama labulen wanka ya yaye, sai ga mace tana kururuwa, sunan fim ya rufe fuskarta. Ita ma ba Janet Leigh ba ce, Vera Miles ce aka sa wa gashin aro.

Na huɗu shi ne mafi girma. Ya sa wa masu gidajen sinima sharaɗi, kada a bar kowa ya shiga bayan an fara, kome girmansa. Wani Bafaranshe, Henri-Georges Clouzot, ya riga ya gwada irin wannan cikin 1955, amma Hitchcock ne ya mai da ita doka mai tsari. Aka buga wa manajoji littafin yadda za su tafiyar da abin, aka kafa hotonsa na kwali a bakin ƙofa yana nuna agogon hannunsa, aka ɗauki muryarsa ana sa wa masu jira, a waɗansu wurare har da masu gadi. A ƙarshe kuma a roƙi waɗanda suka gani kada su faɗa wa kowa yadda ya ƙare.

Masu gidajen sinima suka yi gunaguni, suna ganin korar mai kuɗi a hannu wauta ce. Ran 16 ga watan Yuni, 1960, aka fara nunawa a New York. Da ya ke ba a shiga sai kan lokaci, sai layi ya miƙe a titi, mai wucewa kuwa in ya ga layi sai ya tambayi abin da a ke rabo. Layin nan da kansa ya zama tallar da ba a biya ko kwabo ba. Waɗansu masu sharhi suka kushe fim ɗin, har da Bosley Crowther na jaridar New York Times, amma kafin shekara ta ƙare shi ɗin ya sa shi cikin goma mafi kyau. Kuɗin da fim ɗin ya kawo ya ninka wanda aka kashe fiye da sau 10. Daga baya Hitchcock ya musanya haƙƙinsa na wannan fim da na shirin talabijin da hannun jari a kamfanin MCA, mai Universal, ya zama na uku cikin manyan masu hannun jarinsa.

Abin lura a nan shi ne bai yi wa kowa ƙarya ba. Ya yi alkawarin tsoro da mamaki, waɗanda suka shiga kuwa suka same su har da gyara. Da a ce sun fito suna tsaki, da layin nan bai kwana uku ba.

Sauran kwanakinsa

Cikin 1963 ya fito da The Birds, labarin tsuntsayen da suka far wa mutanen wani gari. A tirelarsa ya tsaya kamar malami yana lacca a kan daɗaɗɗen zumuncin ɗan Adam da tsuntsu, yana nuna hular gashin tsuntsu da keji da bindiga, ga gasasshiyar kaza a gabansa. A allunan talla kuma aka rubuta jimlar da ta yi kama da kuskuren nahawu, an ba jam'i aikatau na tilo, da gangan, don malamai su yi ta gardama, gardamar kuwa ta yaɗa sunan fim.

Amma ba a rasa nono a ruga, haka kuma ba a rasa aibu ga ɗan Adam. 'Yar wasan wannan fim, Tippi Hedren, wadda ya fara gani cikin wata tallar talabijin a 1961, ta bayyana daga baya, har cikin littafin tarihinta na 2016, cewa ya matsa mata da neman abin da bai dace ba, da ta ƙi kuma ya riƙe ta da yarjejeniyar aiki ya tauye mata sana'a. Wannan ya nuna fuskar da mutum ya zana wa jama'a dabam ta ke da halinsa na ɓoye, kuma iya talla ba shaidar kirki ba ce.

Sunansa ma bai iya ceton kowane fim ba. Topaz, na 1969, sai da aka ɗauki ƙarshensa iri uku, duk da haka jama'a ba su karɓe shi ba. Ya koma Landan ya yi Frenzy, na 1972, a kasuwar kayan lambu ta Covent Garden, irin sana'ar ubansa, a tirelar kuwa aka nuno shi kwance bisa ruwan kogin Thames kamar gawa, yana yi wa jama'a bayani. Wannan ya karɓu. Na ƙarshe shi ne Family Plot, cikin 1976, wanda ya cika 53. Sau 5 ana sa sunansa cikin takarar Oscar ta mai ba da umurni, bai taɓa ci ba. A ƙarshen 1979 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. Ya mutu ran 29 ga watan Afrilu, 1980, a gidansa na Los Angeles, yana da shekara 80. Alma ta bi shi cikin 1982.

Abin da ya bari

Ba hanyarsa kaɗai ce ta gina tallar manyan finafinai ba. Cikin 1959 wani mai suna Joseph E. Levine ya sayo fim ɗin Hercules daga Italiya, ya kashe fiye da dala miliyan 1 wajen talla, ya watsa kofi wajen 600 a lokaci guda. Wannan hanyar cika gari da amo ce. Cikin 1975 kamfanin Universal ya haɗa hanyoyin biyu a fim ɗin Jaws. Ya zuba dala 700,000 a tallar talabijin, ya buɗe a gidaje fiye da 400 rana ɗaya, amma babban kifin da a ke tsoro ba a cika nuna shi ba. Tun daga nan manyan finafinai suka bi wannan tafarki. Cikin Disamba, 2018, an kalli tirelar Avengers: Endgame sau miliyan 289 a intanet cikin kwana guda, da fim ɗin ya fito cikin 2019 kuwa masu shi suka roƙi jama'a kada su tona ƙarshensa, kamar dai yadda aka yi a 1960.

Maganar amana kuma ba ta mutu ba. Cikin 2022 waɗansu mutum biyu a Amurka suka kai ƙara, don sun ga wata 'yar wasa a tirelar fim ɗin Yesterday, suka biya, suka tarar an yanke ta. Ko da ya ke ƙarar ba ta kai inda su ke so ba, alƙali ya bayyana cewa tirela talla ce, dokar hana yaudarar mai saye tana hawa kanta.

To, jama'a, musamman akawuna da malaman makaranta, wannan mutum daga kan tebur irin naku ya tashi, da sule 15 a mako. Da ya so aiki, aikin ya yi ya kai a gani. Da ya so a saurare shi, ya rage magana, ya bar mai ji da ƙishirwa. Malamin da ya iya buɗe darasi da tambaya ya bar yara suna ɗokin amsa ya san wannan sirri, haka akawun da sanarwarsa ba ta wuce abin da ofis zai iya cikawa ba. Mu kuma masu saye, ko fim ne, ko magani, ko alkawarin mai neman ƙuri'a, sai mu riƙa jira mu ji bakin waɗanda suka riga mu shiga, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, mai talla kuwa ba shi da jarin da ya wuce a gaskata shi karo na biyu.